Injin Yankan Ciyawa a Sakkwato: Wata Huɗu Aiki, Wata Takwas Kwanciya

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau daga Ƙofar Kware shirinmu yake zuwar muku, a nan birnin Shehu, kuma zancenmu a kan injin yankan ciyawa ne: wa yake da bukatarsa, wane iri ya dace da ƙasarmu, da kuma yadda mai shi zai riƙe shi har ya ci moriyar kuɗinsa.

Na san tun ban je ko'ina ba wani dattijo ya riga ya murmusa a kan tabarmarsa, yana cewa ciyawa kuma a tsakar gida? Yana da gaskiyarsa. Tun da Muhammadu Bello ya kafa wannan birni a 1809, aka zagaye shi da ganuwa, aka fitar da ƙofofi irin su Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku, tsakar gidan Basakkwace tsintsiya ta sani. A share, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma. Gidan da ciyawa ta tsiro a tsakarsa, ko dai kango ne, ko kuwa za a yi tsegumin matan gidan. Dasa ciyawa da gangan, a ba ta ruwa, sannan a dawo ana aske ta, al'ada ce da ta shigo bayan zuwan Turawa a 1903, ta fara daga bariki da gidajen ma'aikata da filayen makarantu. Yau kuwa ta yaɗu. Ana ganinta a filin wasa na Giginya, da harabar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da otal-otal, da sababbin gidajen da ake ginawa wajen Arkilla da Bado da Gawon Nama, inda maigida kan bar ɗan fili gaban ɗaki don yara da shan iska.

Amma ko wanda bai taɓa dasa ko tsinke ɗaya ba, damina ba ta barinsa. Daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da Allah yake ba mu a shekara, wanda bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan duk a wannan tsakanin yake zuba. Kafin ka ankara bayan katanga ya cika, filin da aka saya ba a gina ba ya zama daji, makarantar da aka rufe don dogon hutu ciyawa ta kai gwiwa. Ga kyasuwa, ga harkiya, ga guɗe-guɗe, ga tafasa, ga ƙarangiya mai bin wando, ga tsidau mai huda tafin ƙafar yaro. A cikin wannan duhuwa sauro yake wuni kafin magariba. Nan ɓera yake samun mafaka, maciji kuma ya biyo ɓera. In aka bar ta har hunturu ta bushe, guntun taba ɗaya ya isa ya tayar da gobara. To ka ga yankan ciyawa a wajenmu ya fi ƙarfin ado.

Kayan aikinmu na gado suna nan, kuma ba zan raina su ba. Lauje, da adda, da langalanga wadda duk wanda ya yi makarantar kwana ya san nauyinta a kafaɗa. Sannan ga manyan masu yankan ciyawa na asali: tunkiya da jar akuyarmu ta Sakkwato. A garin da ake turka rago tun watanni kafin layya, ciyawa kuɗi ce. Yaro ya yanko da lauje, ya ɗaura dami, ya sayar. Inji kuwa daddatsa ta yake yi ƙanana-ƙanana. A nan akwai jan kunne ga masu dabbobi, musamman masu dawaki. Ciyawar da inji ya niƙa, in aka tara ta tsibi tana ɗanya, nan da nan take ɗaukar zafi ta fara ruɓa, kuma doki in ya ci yakan kamu da ciwon ciki mai tsanani. A baza ta a rana ta bushe tukuna. In kuwa an taɓa fesa wa filin maganin ciyawa, kada a ba kowace dabba.

Shi wannan inji asalinsa daga Ingila ne. Wani mutum mai suna Edwin Budding, a yankin Stroud, shi ya ƙirƙiro shi a 1830. Ya ga wata na'ura a masaƙa mai aske gashin da ke tsayawa a jikin yadin ulu, sai ya ce abin da ya aske yadi zai aske fili. Mai wuƙa guda da ke juyawa a kwance kamar fanka, wanda aka fi sani yanzu, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu a gidajen mutane. Na rataye a kafaɗa mai yanka da igiyar roba kuma, wani Ba'amurke, George Ballas, ya fito da shi a birnin Houston a farkon shekarun 1970. Na kawo wannan tarihin ne don dalili guda. Duk waɗannan injuna an ƙera su ne da tunanin ƙasa mai laima, mai taushi, mai ciyawa a mafi yawan watannin shekara. Mu kuwa rairayi gare mu, da tsakuwa, da marmara, da ƙura, da zafin da yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Wanda ya sayi inji bai sa wannan a lissafi ba, bakanike zai yi wa noma.

(GAJEREN KIƊA)

To, Alhaji, kafin ka shiga kasuwa, fara auna filinka. Fuloti ɗin da muka saba da shi, ƙafa 50 a ƙafa 100, bai kai murabba'in mita 470 ba. Cire gini, cire wurin ajiye mota, cire turken dabbobi da madafa. Abin da ya rage sau da yawa bai fi taku goma a taku goma ba. Irin wannan wuri, in tsakani da Allah za a faɗa, ba ya bukatar injin fetur. Akwai na turawa da hannu wanda ba shi da inji ko kaɗan, tayoyinsa ne ke juya wuƙaƙen. Ba mai, ba ƙara, ba hayaƙi. Sharaɗinsa dai fili ya zama a baje, ciyawar kuma gajera ce ana yanka ta a kai a kai. In ta yi tsawo, kwantar da ita kawai zai yi ya wuce.

Sai kuma lissafin ruwa, wanda masu sha'awar koriyar ciyawa ba su cika yi ba sai rani ya kama. Ciyawar da aka dasa tana son ruwan da ya kai kamar milimita 25 a mako. A fili mai mita 10 a mita 10, lita 2,500 ke nan, wato jarka 100 mai cin lita 25, kowane mako, kuma a bazara abin ya fi haka. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse ya tambayi mai garuwan unguwarsu kuɗin jarka ɗaya, ya ninka. Shi ya sa in dai sai an dasa, ni ƙiri-ƙiri nake ba da shawara. Tamu ce, ta san rana, in ta rasa ruwa takan bushe ta yi kamar ta mutu, ruwan farko kuma ta farfaɗo. Tana jure tattakawar yara, tana kuma son a yanke ta ƙasa-ƙasa, tsakanin santimita 3 zuwa 5.

Mai irin wannan fili da ya ɗan yi faɗi, ko makaranta, ko asibiti, ko masallaci mai haraba, shi ne mai bukatar injin fetur na turawa mai taya huɗu. Faɗin yankansa yakan kama daga santimita 40 zuwa 53. Nemi wanda ake iya ɗaga tsayinsa a sauke, domin a wurin da akwai tsakuwa dole ka ɗaga shi sama. Duba ƙarfen jikinsa, ka ƙwanƙwasa ka ji kauri. Wanda manyan tayoyi suke a bayansa ya fi sauƙin turawa a rairayi. Akwai mai tafiya da kansa kana biye, yana da daɗi, amma bel da giya da aka ƙara masa ƙarin abin lalacewa ne, kuma a ƙaramin fili babu ribar da za ka gani. Na hawa kamar ƙaramar tarakta kuwa, wannan na masu filin ƙwallo ne, mu wuce.

Amma mafi yawan ciyawar da ke damun mutanen Ƙofar Kware da kewaye ba a baje take ba. Tana jikin katanga, tana bakin kwata, tana cikin kango tsakanin bulo da tarin yashi. Nan mai taya huɗu ba ya shiga, in ma ya shiga wuƙarsa ce za ta sha dutse. Maganin wannan wuri shi ne na rataye a kafaɗa, mai doguwar sanda. Ana sa masa igiyar roba don ciyawa mai laushi da gefen gini, a sa masa faifan ƙarfe don tafasa da kyasuwar da ta riƙa. In mutum inji ɗaya kawai zai iya saya a garin nan, a ganina wannan ne. Sai dai yawancinsu irin ƙaramin janaretan nan ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kuma a wajen haɗin ake kashe su. Manyan kamfanoni irin Stihl da Husqvarna suna cewa kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. Da yawa daga cikin masu araha kuma kashi 25 suke so, wato mililita 40 a lita. Karanta abin da aka rubuta a jikin naka, ka nemi sirinji ko ɗan murfi mai awo. Kuma man haɗi na musamman ne, ba ragowar wanda aka juye daga mota ba. Mai ya yi kaɗan, fistin ya ƙone. Ya yi yawa, filogi ya toshe, hayaƙi ya turnuƙe unguwa.

Na lantarki fa? Mai waya yana da arha da sauƙi, amma sai lokacin da aka kawo wuta za ka yi aiki, ga kuma haɗarin bi ta kan wayar. Mai batir ya fara samun karɓuwa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa. Wanda yake da sola a gida zai ji daɗinsa: ba juye, ba filogi, ba jan igiya. Caji ɗaya yakan yi kamar minti 30 zuwa 45, ya ishi ƙaramin gida. Abokin gabarsa zafi ne. Batirin da aka bari a cikin mota ko a ɗakin kwano da tsakar rana, ko aka sa shi caji yana da zafi daga gama aiki, ba zai yi tsawon rai ba. Kuma batirin shi ne kaso mai tsoka na kuɗin injin. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko ana samun batirin shi kaɗai.

Wannan tambaya ma ita ce uwar tambayoyi ga kowane iri. Kada sunan da aka manna a jiki ya ruɗe ka, domin takardar manne ba ta da tsada. Je wurin bakaniken da ke gyaran janareta ko injin ban-ruwa, irin waɗanda manoman albasa na fadamun Kwalkwalawa da Kware da Wurno suke kai wa aiki, ka tambaye shi wane inji ne yake samun kafireto da filogi da igiyarsa ba sai an aika Kano ko Legas ba. Injunan Honda da na Briggs & Stratton, da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su, hannun makanikai ya saba da su. In na hannu za ka saya, ɗan Kwatano, ka je da bakaniken naka. A tayar da shi yana sanyi, ba wanda mai shago ya riga ya ɗumama ba. Shuɗin hayaƙi alama ce yana shan mai. In yana karkarwa har hannunka na rawa, wataƙila sandar da wuƙar ke ɗaure a jikinta ta lanƙwashe saboda ya taɓa dukan dutse, kuma gyaran wannan yakan kusa kuɗin wani injin. Bar shi, komai arharsa.

(GAJEREN KIƊA)

Masu sauraro, yanzu mun zo inda na fi so a kasa kunne. Injin yankan ciyawa a Sakkwato ba aiki ke kashe shi ba. Wata huɗu yake aiki, wata takwas yana kwance, kuma a kwanciyar nan yake mutuwa. Oktoba ta yi, an yi yankan ƙarshe, sai a tura shi lungu da rabin tankin fetur, a manta. Fetur kuwa ba ya son zama. Bayan kamar wata ɗaya ya fara lalacewa, a zafinmu ma ya fi sauri. Mai sauƙin cikinsa ya tashi a iska, ya bar wani danƙo, danƙon ya toshe 'yan ƙananan kafofin da ke cikin kafireto, waɗanda wasunsu allura ma ba ta shiga. Yuni ta zagayo, maigida ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, ya ce an sayar masa da jabu. Alhali maganin bai fi minti goma ba. Ranar yankan ƙarshe, juye fetur ɗin da ya rage, ka tayar da injin ka bar shi ya yi ta ci har ya mutu da kansa. In akwai ɗan noti a ƙasan kafireto, kwance shi sauran ya tsiyaye. Cire filogi, ɗiga ɗan baƙin mai kamar cokalin shayi a ramin, ja igiya a hankali sau biyu ko uku, mayar da filogin. Kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashi, domin ita ke riƙe laima ta jawo tsatsa. Sannan a rufe shi da buhu ko tsohon zane, a ajiye a inuwa, inda ɓera ba zai ci wayoyinsa ba. Mai batir kuma ya cire batirin, ya ajiye shi da rabin caji a ɗaki mai sanyi.

Fetur ɗin kansa a kula da inda aka saye shi. Na galan a bakin titi yakan zo da ruwa ko ƙasa. In babu makawa, a tace da kyalle mai tsabta.

Sai ƙura. Inji yana shaƙar iska kamar yadda yake shan mai, kuma matatar iskar nan da makanikai ke kira iyakilina ita ce amawalinsa. Littattafan kamfani sukan ce a duba ta bayan awa 25 na aiki, amma su da kansu sukan ƙara da cewa in wuri mai ƙura ne a yawaita. Mu nan wuri mai ƙura ne ko da damina, domin kwana uku ba ruwa rairayi ya tashi. Duba ta duk lokacin da za ka fara aiki. In ta soso ce, wanke da sabulu, bari ta bushe sarai, ɗiga mata ɗan mai ka matse. In ta takarda ce, kakkaɓe ta a hankali, in ta yi baƙi a sauya. Abin da na roƙe ku kada ku yi shi ne abin da wasu ke yi in inji ya fara shaƙewa: su cire matatar su jefar, su ce ai ga shi ya washe. Ya washe na mako biyu. Rairayin da yake haɗiya yana goge ringi da silinda, kuma wannan ba ya gyaruwa da arha.

Baƙin mai a mai taya huɗu bai fi rabin lita da ɗan ɗori ba, don haka babu dalilin yin rowa. Sabon inji a juye masa bayan awa 5 na farko, saboda ɓurɓushin ƙarfen da yake saki. Bayan nan, duk awa 50 ko sau ɗaya a shekara, amma a ƙurarmu da zafinmu awa 25 ta fi. Mai lamba SAE 30 shi aka fi ba da shawara a ƙasashe masu zafi. Kafin kowane aiki, zaro sandar awo ka duba, injin yana tsaye a wuri madaidaici. Kada ya gaza, kada kuma ya wuce alama. Filogi kuwa sau ɗaya a shekara, farkon damina, ya wadatar.

Wuƙa ita ce aka fi mantawa da ita. Dakusasshiyar wuƙa tsinka ciyawa take yi, sai ka ga bakin ganyen ya yi fari-fari ya bushe bayan kwana biyu, injin kuma yana wahala yana ƙara shan mai. Rairayi yana cin kaifi da sauri, saboda haka a wasa ta aƙalla sau biyu a damina. Maƙeri ko mai walda zai yi maka, amma ka ce masa ya ci gefe biyun daidai. In an gama, rataya ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya ƙasa shi ya fi nauyi, a ƙara rage shi. Wuƙar da ta tsage kuwa ba a yi mata walda, sabuwa ake saya, domin abin da ke juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya in ya ɓalle ba a san inda zai tsaya ba. In za ka karkata injin don ka kai ga wuƙar, ɓangaren matatar iska ya kalli sama, in ba haka ba mai zai malala ya jiƙa ta. Kuma kafin hannunka ya kusanci wuƙa, zare wayar filogi. Ko da injin a kashe yake. Juya wuƙa da hannu yana iya tayar da shi.

Wajen yankan ma akwai ƙa'ida: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar a lokaci guda. In ta riga ta yi tsawo, ɗaga injin sama ka bi, bayan kwana biyu ka sauke ka sake bi. Kada a yanka tana jiƙe da ruwan sama. Da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, ko da la'asar sakaliya, ya fi wa mutum da injin sauƙi.

Ga matasanmu kuma, akwai abinci a nan. Ba kowane gida ne zai sayi inji don aikin wata huɗu ba, kuma bai ma kamata ba. Saurayi ɗaya da na kafaɗa guda zai iya riƙe layi biyu ko uku, da makarantar unguwa, da filayen da masu su ke zaune a wani gari. Maƙwabta ma suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, da sharaɗin a damƙa shi hannun mutum guda, don kayan kowa da kowa ba mai duba masa mai.

Hajiya, uwargida, wannan ɓangaren naki ne, domin ke kika fi sanin inda yara suke. Kafin a tayar da inji, a bi filin a tsince duwatsu da ƙusoshi da kwalabe da guntayen waya. Tsakuwar da wuƙa ta ɗauka tana fasa gilashin mota, balle idon yaro. Yara su shiga ɗaki, awaki da kaji a kaɗa su nesa. Likitocin yara a Amurka sun ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya tura irin wannan inji, kuma ban ga dalilin da zai sa namu su fi nasu arha ba. Mai aikin ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, ya sa tabarau, ya ajiye babbar riga da duk abin da ke reto. Kada a zuba fetur injin yana da zafi, kada kuma a tayar da shi a cikin zaure ko ɗaki a rufe, hayaƙinsa irin na janareta ne, yana kisa ba a ji warinsa ba. In ciyawar ta yi duhu sosai, a fara bubbuga ta da doguwar sanda, saboda abin da ke kwance a ciki ya samu hanyar fita.

Wanda injinsa ke kwance a lungu yanzu haka, don Allah in an rufe shirin nan ya je ya buɗe murfin tanki ya sansana. In ya ji wari irin na tsohon fenti, ya juye fetur ɗin yau, ya kai kafireto a wanke tun layin bakanike bai yi tsawo ba.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau daga Ƙofar Kware.